Kawu Bawa da Duwatsun Jikin Bango

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Kawu Bawa a Dutsen Kura ya san ba a ba shi ruwa sai ya kalli zanen da ke rataye jikin bango tukuna. Wani mai fentin manyan motoci ne ya zana: baƙaƙen duwatsu lulluɓe da gansakuka, ciyayi na leƙowa ta tsakaninsu, ga ɗan rafi a gindi. Kawu zai zaunar da kai ya ce, "Ka ji sanyi ko?" In ka ce a'a, to zamanka bai ƙare ba.

Ya rantse rafin ƙauyensu ne can bayan Kuta, wanda ruwan dam ya shanye. Matarsa, Inna Asabe, takan ce, "Malam, mai zanen nan fa a kalandar Turawa ya kwafo."

"To su ma a wurinmu suka gani."

Wata damina kwanon ɗakin ya fara yoyo ta wuri biyu, kan gado da kan zanen. Lema ɗaya ce a gidan. Kun san inda ta tafi.

Inna ta ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Ke ai kina bushewa."

Duk da haka danshi ya kama gefen katakon da aka yi zanen a kai, fumfuna ta fito kore shar. Inna ta ɗauko tsumma, ya riƙe mata hannu. "Bar shi, Asabe. Sai yanzu ya fara tsiro."

Da na sayi mota na ce, "Kawu, ku shirya in kai ku ku ga wurin." Ya ce, "In je in kalli ruwa? A ƙarƙashinsa fa uwata take kwance." Ban ƙara tayar da maganar ba.

Da idonsa ya tafi, ni yake sa in riƙa faɗa masa abin da ke jikin zanen. In na tsallake wani dutse sai ya ce, "Ka bar na hagu, inda muke shanya riga." Babu wani dutse a hagu, amma nakan ce ga shi nan na gani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda ƙoramu ba sa ƙafewa. Amin.