Kuɗin Mastura Masu Barci

Duk amaryar unguwar Sharafiyya ta Jidda da aka ga lallenta ya kama ya yi baƙi wuluk, hannun Mastura ne. Bahaushiyar Sudan ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Zinariya, da taurin kai wanda dama da shi ta zo gidan.

Ta san 'yar baƙo ba ta cika samun gurbi a jami'a a Jidda ba. Sai Hartum, Hartum kuwa sai da kuɗi. Don haka tun Zinariya na firamare ta kwashi abin da ƙunshi ya tara mata ta zuba a wani asusun banki na murabaha, wato ciniki ne, ba kuɗin ruwa ba. Ba a ba ka ko sisi a tsakani. Sai ranar da aka yanka ta cika, a miƙo uwa da ƙari gaba ɗaya. Ta zaɓi shekarar da yarinyar za ta gama sakandare.

Sai zazzaɓin hannun jari ya kama gari, har mai aski ya zama masani. Ƙaninta Gwadabe ya zo yana huci.

"Yaya, kuɗinki barci suke! Yalla maza ki cire ki sayi hannun jari, cikin wata guda sai su ninka."

"Wanda ya wanke lalle da wuri, hannunsa kawai ya ɓata. Halas, shi ke nan, bar maganar."

Ba wai ba ta ji ba. Ta ji, har ta daina zuwa suna don gudun habaici. Injin sanyaya ɗakinta ya mutu, ta sha zafin Jidda da mafici ba ta taɓa asusun ba. Da kasuwar ta rushe a 2006, Gwadabe ya dawo yana hawaye ta rufa masa asiri. Ta cire awarwaronta na aure ta ba shi, ta yi kuka, amma asusun ta ce a'a.

Ranar ta cika, kuɗin suka fito cif. Aka biya makaranta, aka sayi tikiti.

Ana gobe tafiya Mastura ta zauna yi wa 'yarta ƙunshi. A nan ne ta gane cewa ranar da ta yi shekaru tana ɗoki ita ce ranar da gidan zai rage ita kaɗai. Zuciyarta ta karye.

"Ummi, ya kama, in wanke?"

Ya daɗe da kamawa. Mastura ta ƙara riƙe hannun.

"Bai yi ba tukuna. Zauna."