Marlys Hoekstra, Mai Teburin Asabar

Ƙarfe shida da rabi na safe Marlys Hoekstra ke tayar da motarta, ta bar ta tana ɗumi, ta koma ciki ta cika gorar gahawa. Litinin da Laraba tana firamaren Ostby, Talata tana sakandare, Alhamis da Juma'a kuma ta bi titin da ya ratsa gonakin masara zuwa wasu ƙananan makarantu biyu da babu mai son zuwa. Yara dubu ɗaya da ɗari takwas a wuyanta ita kaɗai. Ofis kuwa kada ma a yi maganarsa. A wata makarantar ɗakin ajiye tsintsiya aka share mata, a wata kuma jikin ɗakin 'yan badujala, tana gwada natsuwar yaro ana busa ƙaho a bayan bango. Shekara talatin da huɗu tana haka. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. Aka yanka kek a ɗakin malamai, aka ba ta kati da tukunyar fure, kafin ƙarfe huɗu kowa ya watse.

Na je, na ci kek ɗin, na dawo gida raina a ɓace. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutun.

Sunana Corinne, aikinmu ɗaya da ita, sai dai ni ina gundumar da ke maƙwabtaka da tata. Masu nazarin halayyar ɗalibai ne mu. Idan yaro ya kasa karatu ko ya gagari aji, mu ake turo wa. Mu zauna da shi, mu gwada shi, mu rubuta rahoto, rahoton nan kuma shi ke yanke ajin da yaron zai zauna, wani lokacin har ya gama makaranta. Mu goma sha tara ne a duk wannan shiyya ta kudu maso yammacin Minnesota, muna da 'yar ƙungiyarmu ta sa kai. Babu muƙamin da Marlys ba ta riƙe ba a cikinta: sakatariya, shugaba har sau biyu, mai wanke kofuna kullum.

Amma abin da ta kafa da hannunta shi ne teburin Asabar. Asabar ta farko a kowane wata, ƙarfe tara na safe, a ɗakin ƙasa na laburaren Ostby. Kowa ya zo da rahoton da bai riga ya sa wa hannu ba, ya shafe sunan yaron da baƙin alƙalami, ya karanta a gaban 'yan uwansa, su kuma su yi masa tambayoyi ba sani ba sabo. Duane Tjaden, wanda ya fi kowa daɗewa bayan ita, ya taɓa ajiye takardarsa ya ce, "Marlys, ko a coci ba a tona mini asiri haka."

Ta ce, "To ka daina zunubi a shafi na uku mana. Ɗauki burodin kirfa ka ci gaba."

Cikin mu goma sha tara, masu zuwa ba su wuce shida ko bakwai ba. Wannan 'yarsa na da wasa, wancan ya tafi bakin tafki, waccan kuma ta ce ita shekararta goma sha biyar a aiki, ba ta ga wanda zai duba mata rahoto ba. Ni ina zuwa, amma bari in faɗi gaskiya: yabo nake zuwa nema.

Shekara uku da suka wuce, a watan Fabrairu, aka turo mini wata yarinya da zan kira Flori. Na canza sunayen yaran, mahaifinsu kuma ya yarda in ba da labarin. Shekararta tara, 'yar aji uku, shekara biyu da isowarta daga Guatemala. Iyayenta na aiki a masana'antar talo-talo. Malamarta ta ce yarinyar ba ta magana, ba ta bin umarni, sai kallo. Ni kuwa shekarata bakwai a aiki, ina ji da kaina. Na san ba a gwada baƙon yaro da Turanci kawai, don haka na nemo tafintar Sifaniyanci, na ari akwatin gwajin Sifaniyanci, na yi komai bisa ƙa'ida. Maki ya fito ƙasa a harsunan biyu. Na rubuta cewa tana da tawayar ƙwaƙwalwa.

Ma'anar wannan layin ita ce za a cire ta daga ajinta, a riƙa sa ta a bas kowace safiya zuwa ajin masu buƙata ta musamman a wani gari mai nisan mil talatin da takwas. Ranar Alhamis za a zauna da mahaifinta ya sa hannu. Doka ta ba mu kwanakin makaranta talatin mu gama bincike, Alhamis ɗin kuma ita ce ta talatin.

Asabar ɗin da ke gabanta na kai rahoton teburi, na karanta shi da ƙwarin murya. Da na gama, Marlys ta cire tabarau ta ce, "Daga ina a Guatemala?"

"Wani ƙauye ne a kan tsaunuka. Sunan na cikin fayil."

"Idan ta fasa kofi a gida, da wane harshe kakarta ke yi mata faɗa?"

"Sifaniyanci mana."

"Da kunnenki kika ji, 'yar nan, ko daga sunan mahaifinta kika ɗauka?"

Duane ya daina tauna. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. A takardar shiga makaranta, wurin harshen gida, sakatariya ce ta zaɓi Sifaniyanci, ni ma na bi ta ban tambayi kowa ba.

Marlys ba ta ƙara mini ko kalma ɗaya a gaban mutane ba. Ta ciro wani tsohon littafi daga jakarta, wanda ta daɗe tana tara wa ƙungiya sunayen tafintoci a ciki, har na harsunan da hukumar ilimi ba ta san ana yi a shiyyarmu ba. Ta nuna mini sunan Doña Candelaria, wata dattijuwa mai dafa abinci a cocinsu Flori. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Doña Candelaria ta haɗa ni da Don Efraín, mahaifin yarinyar. Nan na ji abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko. Harshen gidansu Mam ne. Shi uban yana jin Sifaniyancin da zai fitar da shi a masana'anta, Flori kuwa ba ta wuce gaisuwa ba. Wato na gwada yarinya da baƙin harsuna biyu, na ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarta.

Litinin da safe na shiga wurin daraktanmu, Mista Rustad, na roƙi a ƙara mini kwanaki. Bai ma ce in zauna ba.

"Talatin doka ta ce, Corinne. Kin gwada ta da harshe biyu, me kuma ake so? An riga an ware mata kujera a can. Rahotonki ya yi kyau, kada ki ɓata wa kanki aiki."

Na fito na kira Marlys daga cikin mota na gaya mata. Ta ce, "Uban ya yarda in taimaka?"

"Ya sa hannu jiya."

"To gobe ƙarfe takwas. Ki nemi ɗakin da ke da taga."

Ranar Talata Marlys ta ɗauki hutu daga cikin kwanakinta na kanta, ta taho cikin dusar ƙanƙarar da ta sa aka rufe makarantu biyu a hanya. A but ɗin motarta akwai akwatin gwajin ƙungiya, irin wanda ba ya buƙatar magana, sai siffofi da zane da 'yan katakai masu launi. Ta miƙo mini shi ta ce, "Ke za ki yi, yarinyarki ce. Ni kallo na zo." Doña Candelaria ta yi wa Flori bayani da Mam. Yarinyar ta dubi katakan, ta dube ni, ta jera su kafin in gama saita agogo. Na ba ta mai wuya, ta jera. Har dariya ta yi mini lokacin da na juya wani kati a kife. Daga baya Doña Candelaria ta ce wa yarinyar ta ba mu labari, sai ga Flori, wadda shekara biyu ba a ji muryarta ba, ta yi minti goma sha ɗaya tana zuba a kan wata tunkiyar kakarta da ta cinye hular limamin coci. Makinta ya fito daidai da na sa'anninta, a wasu wuraren ma ya zarce.

Laraba na sake rahoton daga farko. Shi kuwa Mista Rustad ya ɗaga waya ya kai ƙarar Marlys wurin daraktanta. Aka rubuta mata takardar gargaɗi, wai ta tsoma baki a aikin gundumar da ba tata ba. Takardar nan tana cikin fayil ɗinta har ranar da ta yi ritaya, kuma mutumin da ya sa mata hannu shi ne ya tashi ranar Juma'a yana cewa ba za a taɓa samun irinta ba. Wallahi da ƙyar na haɗiye kek ɗin. Lokacin da aka ba ta takardar na ce mu kai maganar gaba, ta ce, "Bar ta, Corinne. Takarda ce, ba ita ke hawa bas ba."

Marlys, ke ce wadda ba ta taɓa kunyata mai kuskure ba, kuma ba ta taɓa bari kuskuren ya wuce ba. Ke ce kika san wace kaka ke jin wane harshe a garuruwa takwas, alhali ba aikinki ba ne ki sani. Ke ce mai buɗe ƙofar laburare ko da mutum biyu ne suka zo, ki dafa gahawar mutum goma sha tara. Uwar teburi, Duane ke ce miki cikin tsokana, amma ni da gaske nake faɗa.

Ranar Alhamis aka yi zaman. Marlys ba ta da izinin shiga, don haka daga ni sai malamar ajin, Mista Rustad, Doña Candelaria da Don Efraín, wanda ya taho kai tsaye daga aiki, hularsa a hannu. Na ce masa na yi kuskure. Na ce ƙwaƙwalwar 'yarsa lafiya lau, za ta zauna a ajinta, abin da take buƙata shi ne a koya mata Turanci. Doña Candelaria ta fassara. Ya juya hular, ya yi magana a hankali. Dattijuwar ta juyo gare ni ta fassara.

"Ya ce ya gode, Malama. Ya ce to Wilmer fa?"

"Wane ne Wilmer?"

"Yayanta. Shi suka fara zuwa da uban. Ya ce shi ma haka aka gwada shi, da Sifaniyanci. Shekara huɗu ke nan yana hawa wannan bas ɗin."

Na nemo fayil ɗin a ranar. Rahoton tsaf yake, kamar nawa, babu ƙa'idar da aka tsallake. Wanda ya sa hannu ɗaya ne daga cikinmu goma sha taran, ba zan faɗi suna ba. Bai taɓa taka ɗakin ƙasa na laburare ba, babu kuma idon da ya ga rahoton kafin ya zama hukunci. Muka sake gwada Wilmer. Babu abin da ke damun ƙwaƙwalwarsa. Shekararsa goma sha uku, an koya masa ninke tawul da jera cokula, ba a taɓa zaunar da shi an koya masa karatu ba. Yanzu yana sha shida, yana fama da littafin 'yan aji huɗu, yana kuma maganar barin makaranta ya bi ubansa masana'anta. Flori tana aji shida, malamarta na ƙorafin surutunta.

Marlys, na gode. Da ba ki cire tabarau kin yi wannan tambayar ba, da hannuna ne ya sa Flori a kujerar da ke kusa da ta yayanta, kuma da har yau ina alfahari da rahoton. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ke da lambunki da jikokinki.

Ku kuma 'yan uwana a wannan aiki, ku ji. Gundumarta ta ce ba za ta ɗauki kowa a madadinta ba, wani kamfani ne zai riƙa gwada yaran ta fuskar kwamfuta daga wata jiha. Rahotanni za su ƙaru, masu tambaya za su ragu. Makullin ɗakin laburaren yana hannuna yanzu, ni da Duane za mu buɗe, sai dai mu biyu ba mu isa ba. Ba yabo Marlys ke nema ba, an ba ta kati ya ishe ta. Ku zo da rahotonku kafin ku sa masa hannu, ku bari a tambaye ku abin da ba ku so a tambaya.

Ranar da na gaya wa Wilmer sakamakon sabon gwajin, da Turanci ya amsa mini, Turancin da ya tsinta daga rediyon direban bas. Ya ce, "Malama, me ya sa ba wanda ya tambaye ni?" Wanda ke ganin Asabar ɗinsa ta fi ƙarfin teburin nan, ya zo ya ba shi amsa.