Injin da Ke Cikin Kabad

Silin ɗakinmu a unguwar Nima katako ne, wayar wutar da ta bi ta cikinsa kuwa ta girmi ɗana. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, mita ɗaya. Alhaji mai gidan yana da doka. Ƙwan fitila, fanka da talabijin, an yarda. Dutsen guga da abin dafa ruwa, a'a. Duk abin da ke jan wuta da ƙarfi, in ya gan shi a ɗakinka, ka nemi wani gida. Bayan sallar Juma'a yakan zaga ɗaki-ɗaki, wai gaisuwa, idonsa yana bin bango.

Ban taɓa jin haushin dokar ba. Na zauna a unguwar Old Fadama lokacin da nake dako a kasuwa. Gobara ta cinye layinmu da rana tsaka. Na fito da yaro a baya da kwano ɗaya a hannu. Fatar hannuna na hagu da ta ƙone har yau ba ta gumi.

Yaron nan ne ya girma ya zama mai ɗaukar bidiyon biki da suna. In ya ɗauka sai ya kai wa wani ya haɗa masa, mutumin ya riƙe aikin, masu biki su zo ƙofarmu suna zagi. Rannan ya ce ya gaji, zai haɗa tasa kwamfutar. Ba haɗaɗɗiya zai saya ba. Guntu-guntu zai zaɓa, ya ɗaura da hannunsa.

"Ta aiki ce, Mma."

"Da wasan ƙwallon nan da ke sa ku manta la'asar."

Ya yi dariya. "Shi ma, kaɗan."

"Tana jan wuta?"

"Kamar talabijin," in ji shi, yana gyara igiyar takalmi.

Na bi shi wani shagon kayan kwamfuta a Zongo Lane don da kuɗin adashina a cikin sayayyar. Shagon kamar rami yake, kaya har sama. Mai shagon ɗan Nijar ne, mai gemu da yawan ba'a. Ya ce mini Hajiya, na ce ban je ba tukuna. Ya fara jera kaya a kan tebur. Wani faffadan faranti mai ƙananan hanyoyi, shi ne ake dasa komai a kai. Wani ɗan ƙarfe da bai fi kwalin ashana ba, wai shi ne ƙwaƙwalwa. Sai ya ɗauko katin hoto, mai sarrafa abin da ke fitowa a allo, da hannu biyu, mai nauyi kamar bulo, da fankoki uku a cikinsa. Ɗana ya karɓa yana riƙe numfashi.

"Wannan doki ne," in ji mai shago. "Bidiyo, wasa, duk zai ja. Amma doki da ci. Ka ba shi babban gida da iska."

Ya sauko da wani babban akwati mai raga a gaba, gefensa gilashi, da fitilu masu canza launi. Ɗana ko taɓa shi bai yi ba. Ya zaro wata 'yar igiya daga aljihu, mai ƙulli biyu, ya shiga gwada akwatunan da ita. Wannan ya yi tsawo. Wancan ya yi faɗi. Ya ce ba ya son fitila. Ya ce ba ya son fanka mai ƙara.

"Ikon Allah! Samari suna neman mai walƙiya kamar motar amarya, kai kana neman wadda ba a gani ba a ji. Kurma za ka aura?"

"Chale, abokina, ba ni ƙaramin can."

Ƙaramin ya yi daidai da igiya. Katin ya shiga da ƙyar, babu wurin sa yatsa. Saura abin da ke raba wa injin wuta. Mai kyan, sabo a kwali, ya ƙi shiga akwatin. Mai shago ya laluba ƙarƙashin tebur ya fito da wani ƙarami, na hannu, da ƙura a fankarsa. Ya daina dariya.

"Yana aiki. Amma in na ɗana ne ba zan haɗa su ba. In ka toshe wa katin nan hanci, zai gaya maka."

"Na ji, Malam. Ƙulle mini."

A cikin trotro, motar haya, na ce, "Igiyar nan, kabad ɗina ka auna."

"Alhaji ba ya buɗe kabad ɗin mata, Mma."

Gaskiyarsa. Kabad ɗin kwanukana ne, yana ƙarƙashin talabijin. Ya kwashe kwanukan ƙasa, ya huda bayan katakon ya zura wayoyi, ya zaunar da injin, ya rufe ƙofa. Allon kwamfutar kuwa ya ɗora a sama, kowa ya gani ya ce sabuwar talabijin ce. Na ga duk wannan ban hana shi ba. Na gaji da jin ana zagin ɗana a ƙofar gida.

Aiki ya yi kyau, ban musa ba. Amare suna fitowa fes, masu biki suna godiya. Da yamma abokansa su cika ɗakin suna buga ƙwallo a allo, suna ihu. Amma in ya sa wa injin babban aiki, ƙwan fitila sai ya dushe. Kabad ya riƙa gurnani ƙasa-ƙasa. Kwanukan da ke sama, in na taɓa murfinsu, ɗumi kamar an zuba tuwo. Soket ɗin bango fari ne da. Gefensa ya fara komawa ruwan ƙasa.

Wutar mita ta riƙa ƙarewa da wuri. Matan gida suka ɗora wa tela na ɗakin ƙarshe, suka ce yana guga a ɓoye. Ya rantse har ya yi hawaye. Ina tsaye ina wanke tukunyar koko.

Wata Juma'a Alhaji ya shigo, ya zauna a kujerar da ke jingine da kabad. An kashe injin kafin sallah, amma katakon bai gama hucewa ba.

"Ɗakin nan naku da zafi, uwar gida."

"Rana ce, Alhaji."

Ya dubi silin, ya dubi fanka, ya sa albarka ya fita.

Daga nan na daina yin nisa. Ina sayar da koko a bakin titi, sai in bar wa maƙwabciya tukunya in dawo in shinshina ɗaki. Na ce wa ɗana ya riƙa buɗe ƙofar kabad. Ya ce ƙarar za ta fita tsakar gida. Na ce ya canja ƙaramin abin nan na hannu. Ya ce in an biya shi.

Ranar da abin ya faru, bidiyon wani babban biki yake haɗawa, dangin amarya za su koma Kumasi da shi da yamma. Ya ce ya ɗora shi a wuta, haka yake cewa, sai ya dahu, in aka katse sai an koma farko. Ya ce kar in taɓa komai. Ya fita sayen abin da zai zuba musu bidiyon a ciki.

Ina tsince wake na ji warin. Ba hayaƙi ba tukuna. Warin roba mai ɗan zaƙi, wanda ke riga hayaƙi zuwa. Na san shi. Na dafa bango daidai inda waya ta hau sama, na janye hannu. Na kama filogi, ya manne da soket. A ɗakin da ke jikin namu akwai tsohuwa da ba ta tafiya. Yara suna wasa a tsakar gida.

Na fita na je wurin mita, na ja babban makunni ƙasa. Gida duka ya yi tsit. Mutane suka firfito suna tambaya ko an ɗauke wuta ne. Alhaji ya fito da carbi a hannu.

"Wa ya taɓa mita?"

"Ni ce. Zo ka gani."

Na buɗe masa kabad da hannuna. Zafi ya bugo mu a fuska. Tela yana bayanmu, kallona kawai ya yi.

Ɗana ya dawo ya tarar da cincirindo a ƙofa. Bai ɗaga murya ba. "Da kin kira ni, Mma. Saura kaɗan ya gama."

Mai gyaran wuta ya ɓalle katako ɗaya na silin, ya nuna wa Alhaji wayar. Robarta ta yi laushi, tana kama yatsa. Aka tambaye shi ko da ta kama da wuta in da ban kashe ba. Ya ce Allah ne ya sani. Dangin amarya suka tafi ba bidiyo, suka bar maganganu. Alhaji ya ce don ni ce na tona, ni in zauna, amma injin ba zai kwana a gidansa ba.

Injin bai kwana ba, ɗana ma bai kwana ba. Ya kama wani kiyos, ɗan ƙaramin shago na katako, a unguwar Maamobi, kusa da babban gwata, wutarsa an jawo ta daga shagon aski da siririyar waya. A can yake aiki, a can yake barci. Na ce yanzu babu wanda kake ɓoye wa, je ka ɗauko babban akwatin. Ya ce to.

Ina kai masa abinci. Shekaranjiya na je, na ɗora hannu a kan injin. Ƙaramin akwatin ne har yanzu, ya tura shi ƙarƙashin tebur ya rufa masa buhu don kada masu wucewa su gani. Kiyos ɗin ba taga, ƙofa ɗaya. Ya nuna mini sabon kwado da sarƙa da ya sayo saboda ɓarayi. Ta ciki yake kullewa.