Jan Alli a Bakin Garma

Ni maƙeri ne, a garin Ƙarfi na gaji maƙera. Bakin garmar shanu nake ƙerawa da ƙarfen sifirin tsohuwar mota. Ƙasarmu tana da laka, tana riƙe ƙarfe, shi ya sa nake ɗan lanƙwasa tsinin kamar faɗin yatsa. Da wannan lanƙwasar garma ke shiga, shanu ba sa wahala. Haka babana ya yi.

A shekarun da auduga ke da daraja, wani ofishin aikin gona ya fara raba wa manoma garma tare da taki. Duk waɗanda nake yi wa aiki suka koma can. Aka ce maƙera su kai wa ofishin bakin garma, amma sai an duba. Ko in shiga, ko in kashe wutata.

Mai dubawar wani matashin malami ne a Malumfashi, yana da farantin awo da jan alli. Na kai masa arba'in. Duk wanda ya ɗora a farantin, sai ya ja masa alli, an ƙi ke nan.

Na ce, "Malam, me suka yi?"

"A karkace suke, Baba."

"Da gangan na karkata su."

"To ni ma da gangan na ja allin."

"Ka taɓa riƙe garma?"

"Kai ka taɓa riƙe takarda?" Ya yi dariya. Ba mugu ba ne. Ya ce wanda ya zana awon, shi ma bai taɓa ganinsa ba.

Na koma na ƙera miƙaƙƙu, suka wuce ba alli. Manomi ya karɓa a ofis, ya kawo mini, in mayar wuta in lanƙwasa. Har daga wajen Funtua ake zuwa.

Na san ƙarfen da aka tsoma a ruwa ya yi tauri ba ya son komawa wuta. Na sani, na yi shiru.

A damina ta biyu suka fara karyewa tsakiyar huɗa, daidai wurin lanƙwasar. Wani dattijo da babana ya yi wa aiki ya zo ya jefa guntun a gabana.

"Ɗan maƙeri, ubanka bai taɓa ba ni irin wannan ba."

Gaskiyarsa ce.

Ofis ya daina karɓar aikin maƙeran ƙauye, ya koma sayo na kamfani. Manoma suka daina zuwa. Na ɗan riƙe da lauje da wuƙa, su ma suka ƙare.

Da miƙaƙƙen ake huɗa yanzu, shanu na gajiya tun hantsi. Uwar maƙerar da nake dukan ƙarfe a kanta tana nan a zaure, a jikinta ake ɗaure akuya.