Gonar da ke Kwamfutar Baba Jatau

A shagon buga takardu a Gusau, kowa gona kawai yake gani a fuskar kwamfutar dattijon mai koɗaɗɗiyar hula. Ni na lura ya tattare fayilolinsa gefe guda, don kada su rufe wata mata da ke tsaye can cikin gero.

"Baba Jatau, hoton nan ya dushe," in ji abokin aikinsa ga dattijon. "In sa maka na mota irin nawa?"

"Bar min shi. Gonarmu ce ta 'Yankuzo."

Bai ƙara ba. Ina jin da gonar da matar, babu wadda zai sake gani.

Takardata da ya adana ta faɗo daidai kan matar. Ya ja ta gefe a hankali, sannan ya tambaye ni kwafi nawa.