Tawadar Barmo a Gindin Randa

Duk wanda ya wuce shagon Barmo da safe, kusa da tashar Madawa, zai gan shi yana jujjuya kwalaben tawada a hankali kamar mai lallashin jariri. Ni da nake ɗinki a maƙwabtansa na sha yi masa tsiya, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Barmo mai hoto ne, amma baƙi-da-fari kawai yake bugawa, da tawadar da ake yi da lallausan garin gawayi. Ba ta koɗewa, sai dai akwai ta da rigima. In an bar ta, baƙin ya kwanta a gindin kwalba. In zafi ya buge ta, ta yi kauri ta toshe injin buga hoton.

Bara wayo ya yi masa yawa. Ya tuna a garinsu Urno ƙaro ake sa wa tawadar allo ta kama jikinta, sai ya jiƙa ya zuba wa tasa. Injin ya shaƙe, sai da aka canja masa kai. Tun daga nan ya daina ƙare-ƙare. Yana binne kwalaben cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, kullum kuma ya buga ɗan gwaji ko babu ciniki, don kada bakin injin ya bushe.

Ana tsakiyar bazara wata tsohuwa, Takawa, ta zo daga Deule da hoton marigayi mijinta. Mai kala ne, rana ta cinye shi, fuskar saura ƙiris ta ɓace. Ba ta da wani.

"Ɗana, ka maido min shi," in ji ta. "Ni kaina na hwara mance kamatai."

Ga shi an kwana biyu babu wuta, injin bai motsa ba. Gaskiya na ji masa tsoro. Takawa ta sauka gidan dangi, ran da wuta ta dawo ta zo ta zauna bakin ƙofa.

Barmo ya ɗauki hoton a na'ura ya fito da fuskar. Bugun farko, fararen layuka suka ratsa goshi. Ya tono kwalba, sanyi ƙalau, ya jujjuya, ya wanke bakin injin, ya zuba masa ita, ya sake bugawa.

Takawa ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Shi na, wallahi! Haka shika hararata in na daɗe rijiya."