Ranar da Na Liƙe wa Illo Sama

Da ana maido da jiya, da na koma wata safiyar Laraba na cire gwangwanin kol, wato gam, daga hannuna. Ku da kuka san Illo, taubashina, kun san motarsa, amma ba ku san abin da na yi mata ba.

Illo ya sayi tsohuwar motar nan da aka kawo daga Kwatano don abu guda: tana da taga ta gilashi a rufinta. Bai leƙa injin ba. Muna cikin tafiya tsakanin Tasawa da Mayahi sai ya tsaya tsakiyar hanya, ya kwantar da kujera, ya zuba wa girgije ido.

"Illo, amalanke na bayanmu."

"Ya jira. Wancan girgijen na gabas ciki gare shi, ina so in ga inda za ya haihu."

Damina guda ya yi da ita marfin da ke tare rana ƙarƙashin gilashin ya karye. Rana ta rinƙa gasa mishi sanƙo. Na ce ya kai garaji, ya ce masu garaji ba su san sama ba. Ya zauna ƙofar gida kwana huɗu yana saƙa marfi da kaba, kamar mai saƙa faifai. Ya yi kyau ƙwarai. Ran kasuwar Isawan muka bar gilashin buɗe don iska, muka shiga ciniki. Da muka dawo sai ga raƙumin wani Buzu ya zura kai ta sama yana tauna. Na zaci za a yi faɗa. Illo ya dube shi ya ce, "Wannan ne na farko da ya yaba aikina."

Daga nan ya koma fatar akuya. Rana ta buga ta, motar ta ɗauki wani wari, har karnukan unguwa suka riƙa yi mana rakiya zuwa masallaci. Matarsa Tsahara ta rantse ba ta ƙara shiga.

"To ki bi sahun karnukan," in ji shi, "su ba su yi ƙorafi ba."

Na uku shi ya zauna: ɗan katako marar kauri, ya lulluɓe shi da tsohon zanen Tsahara, ya ɗaura igiya biyu. In ka ja ta dama ya buɗe, in ka ja ta hagu ya rufe. Yana ja yana murmushi, kamar mai buɗe wa baƙo ƙofa.

Bara jikinsa ya shanye ɓari guda, tuƙi ya dawo hannuna. Likita ta ce a tsare shi daga rana. Da wannan na fake. Gaskiyar ita ce na gaji da dariyar 'yan tasha, na gaji da "tsaya, tsaya" kowane kilomita. Ran Larabar nan na sayo kol irin na masu gyaran takalma, na tsiyaye shi duka cikin hanyar da katakon ke gudu.

Farkon damina ya ce in kai shi gonarsa ta wajen garin Sarkin Hausa. Muka kwantar da shi kujerar baya. Da muka isa bakin gona, iska ta taso da ƙamshin ƙasa. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ja igiya. Shiru. Ya ƙara ja.

"Zafi ne ya narkar da wani abu," na ce, ban waiwaya ba.

Ya saki igiyar. Sannan ya ce, "To, ɗan namiji, gaya mini abin da kake gani."

Da wuƙa cikin aljihuna. Kunya ta hana ni ciro ta. Na leƙa ta gilashin gaba na fara ba shi labari. Na ce ga wani girgije baƙi ƙirin ya taso daga gabas, gefensa fari kamar auduga. Ga ƙanana uku suna bin shi kamar 'yan maruƙa. Ya lumshe ido yana tambaya, ya sunkuyo ko yana tsaye, ya wuce gawon kan iyaka ko bai kai ba. Muka yi ta haka har ɗigon farko ya buga rufi.

Kan hanyar dawowa ya ce, "Mamman, shekara sittin na san ka, ban taɓa ganin ka yi aiki mai ƙarko irin wannan ba."

Na ce a raina gobe zan ɓamɓare. Goben ta zo da shuka, jibi ma haka. Ran Juma'a muka kai shi makwancinsa.

Allah ya jiƙan Illo, ya yalwata mishi kabarinsa, ya sa ya yafe mini kafin mu gamu. Ku kuma, in kuna jinyar wani naku, don Allah kada ku raba shi da ɗan abin da ya rage mishi na jin daɗi, ku ce don lafiyarsa kuka yi. Ku tambaye shi tukuna.